Mitrofan Nedelin: Babban hafsan Sobiyet da makaminsa ya hallaka, aka ɓoye gaskiyar mutuwarsa shekara 29

A ranar 26 ga Oktoban 1960, kafofin yaɗa labaran Tarayyar Sobiyet suka sanar da cewa Marshal Mitrofan Nedelin, kwamandan rundunar makamai masu linzami ta ƙasar, ya mutu a hatsarin jirgin sama yana bakin aiki. Washegari aka binne tokarsa a jikin katangar fadar Kremlin da ke Mosko, inda ake binne manyan ƙasar.

Babu jirgin da ya faɗi. Nedelin ya ƙone ne tare da mutane masu yawa a dandalin harba roka na Baikonur da ke Kazakistan, lokacin da wani makami mai linzami da ake shirin gwadawa ya tarwatse. Har yau wannan na cikin hatsarurruka mafiya muni a tarihin harba roka.

Daga sojan sa-kai zuwa marshal

An haifi Mitrofan Ivanovich Nedelin a watan Nuwamban 1902 a garin Borisoglebsk na ƙasar Rasha. Ya shiga rundunar sojin gurguzu a 1920, ana tsakiyar yaƙin basasa, sannan ya ƙware a harkar manyan bindigogin igwa. Daga 1937 zuwa 1939 ya je Sifaniya a matsayin mai ba sojin gwamnatin jamhuriya shawara a yaƙin basasar ƙasar.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fito da sunansa. Daga 1943 shi ne ke jagorantar dakarun atilare na wata babbar rundunar da ta fatattaki sojin Jamus daga kudancin Yukren, ta ratsa ƙasashen Romaniya da Hungari har ta kai Biyana. A watan Afrilun 1945 aka ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet, wato tauraron zinare, wadda ita ce karramawa mafi girma a ƙasar.

Bayan yaƙi ya riƙe manyan muƙamai a sashen makamai, har ya zama mataimakin ministan tsaro. A wannan lokaci ne hankalinsa ya koma kan roka, kuma ya zama ɗaya daga cikin hafsoshin da suka fi matsa wa injiniyoyi lamba su ƙera makamin da zai iya kaiwa Amurka. A 1959 ya zama babban marshal na atilare, a watan Disamba na shekarar kuma aka naɗa shi kwamanda na farko na sabuwar rundunar makamai masu linzami masu cin dogon zango.

Masanin kimiyya Andrei Sakharov ya ba da wani labari a littafin tarihin rayuwarsa da ke nuna halin mutumin. A wajen liyafar da aka yi bayan gwajin bam ɗin haidurojin a Nuwamban 1955, Sakharov ya yi fatan kada makaman nan su taɓa fashewa a kan birane. Nedelin ya mayar masa da martani da wani habaici, wanda manufarsa ita ce aikin masana su ƙera, yadda za a yi da makamin kuwa ba huruminsu ba ne.

Makamin da ake ɗoki

A watan Agustan 1957 Sobiyet ta yi nasarar gwada R-7, makami mai linzami na farko a duniya da ke iya tsallaka nahiyoyi. Irinsa ne ya kai tauraron ɗan'adam na Sputnik sararin samaniya a ranar 4 ga Oktoban shekarar. Shugaba Nikita Khrushchev ya yi ta cika baki da shi, Amurka kuma ta shiga fargabar an bar ta a baya.

Gwaje-gwajen sun riƙa haifar da rade-radi. A Janairun 1960, Mosko ta gargaɗi jiragen ruwa da na sama su kauce wa wani yanki na tsakiyar tekun Pasifik, tana cewa za ta gwada rokokin binciken sararin samaniya. Ƙasashen Yamma kuwa suka ɗauke shi gwajin makamin yaƙi. Jiragen leƙen asirin Amurka samfurin U-2 na ta shawagi don ɗaukar hoton sansanonin, har aka kakkaɓo guda a ranar 1 ga Mayun 1960.

Sai dai Nedelin ya san raunin R-7. Yana amfani da kananzir da iskar oksijin da aka daskarar ta zama ruwa, wadda ba ta zama a tanki sai ta ƙafe, don haka shirya shi na cin sa'o'i masu yawa. Makamin da ke buƙatar kusan yini guda kafin ya tashi ba shi da amfani sosai idan yaƙi ya ɓarke ba zato.

Mafita ta zo daga injiniya Mikhail Yangel, wanda masana'antarsa ke birnin Dnepropetrovsk. Makaminsa, R-16, mai tsawon kusan mita 30, yana amfani da sinadarai biyu da ke iya zama a tanki na wani lokaci, kuma da zarar sun haɗu suke kama da wuta da kansu. Aibinsu shi ne guba ne, suna cin ƙarfe da fatar mutum, hayaƙinsu kuma na ƙona huhu.

Kwana huɗu a Baikonur

An kafa R-16 na farko a dandali mai lamba 41 a ranar 21 ga Oktoban 1960. Nedelin ne shugaban kwamitin gwamnati mai kula da gwajin, kuma burin shugabanni shi ne a samu nasara kafin 7 ga Nuwamba, ranar bikin juyin juya halin gurguzu.

A ranar 23 aka cika tankunan da mai. Nan matsaloli suka kunno kai. Akwai wasu marufai a bututun man da ake fasawa da ɗan ƙaramin nakiya kafin harbawa, sai wata tangarɗar lantarki ta sa waɗanda ba a nufa ba suka fashe. Mai kuma ya fara ɗiga.

Ƙa'idar tsaro a bayyane take: a zuƙe man, a kwantar da makamin, a gyara shi a natse. Yin hakan zai ci makonni, kuma wataƙila a yi asarar makamin baki ɗaya domin sinadaran sun riga sun fara cin cikinsa. Kwamitin ya zaɓi a yi gyara a jikin makamin alhali yana cike da mai, a harba washegari.

Injiniyoyi da sojoji suka kwana suna aiki ba barci. Domin a yi sauri, an cire wasu matakan kariya na lantarki, an kuma jona batirin hawa na biyu na makamin tun kafin lokacinsa. Shi kuwa Nedelin, maimakon ya koma ɗakin kariya na ƙarƙashin ƙasa, sai ya sa aka kawo masa kujera ya zauna 'yan mitoci daga makamin. Ganin marshal na zaune a wurin, babu ƙaramin hafsa ko injiniyan da zai iya janye jiki. Mutum fiye da ɗari ne ke dandalin, yawancinsu ba su da aikin da ya wajabta musu zama a lokacin.

Da misalin ƙarfe 6:45 na yammacin 24 ga Oktoba, saura kusan rabin sa'a a harba, aka juya wata na'urar rarraba umarnin lantarki don mayar da ita mazauninta na farko. A kan hanyarta ta aika umarnin kunna injin hawa na biyu, kuma babu abin da ya rage da zai tare umarnin. Harshen wutar injin ya huda tankin hawa na farko da ke ƙasansa, tan sama da ɗari na sinadarai suka kama.

Waɗanda ke kan matakalar makamin sun mutu nan take. Masu gudu kuma kwaltar da ta narke ta riƙe ƙafafun wasunsu, wasu shingen waya ya tare su, wasu hayaƙin gubar ya kashe su. Na'urorin ɗaukar hoto da aka girke don gwajin sun ɗauki abin da ya faru. Da lambar tauraron zinarensa da ta soma narkewa aka gane abin da ya rage na Nedelin.

Yangel ya tsira ne saboda ya koma gefe ya sha taba 'yan mintoci kafin fashewar. Mataimakansa biyu, Lev Berlin da Vasily Kontsevoy, da mai tsara na'urorin sarrafa makamin, Boris Konoplev, duk sun mutu. Alƙaluman hukuma sun nuna mutum 70 da wani abu ne suka rasa rayukansu, yayin da wasu majiyoyi ke cewa adadin ya haura 100.

Rufa-rufa da rade-radi

Khrushchev ya tura Leonid Brezhnev ya jagoranci bincike. Kwamitin bai hukunta kowa ba, bisa hujjar cewa masu laifin sun riga sun mutu a wutar. An binne sojoji da dama a kabari ɗaya a garin da ke kusa da sansanin, an umarci iyalai da shaidu su yi shiru.

Amma labarin bai ɓoyu gaba ɗaya ba. A Disamban 1960 wani kamfanin dillancin labarai na Italiya ya ruwaito cewa fashewar roka ce ta kashe marshal ɗin da mutum kusan 100. A 1965 bayanan ɗan leƙen asiri Oleg Penkovsky suka ƙarfafa zancen. Da yake rokoki biyu da Sobiyet ta harba zuwa duniyar Mars sun gaza a cikin wannan wata na Oktoba, wasu masu sharhi a Yamma sun daɗe suna ɗauka cewa rokar Mars ce ta uku ta fashe. Sai a 1989, zamanin Mikhail Gorbachev, mujallar Ogonyok ta wallafa ainihin abin da ya faru.

Shirin R-16 bai tsaya ba. An sake harba shi a Fabrairun 1961, daga baya ya zama ƙashin bayan rundunar da Nedelin ya kafa. An tsaurara dokoki a kan adadin mutanen da za su kusanci makami bayan an zuba masa mai.

A ranar 24 ga Oktoban 1963, shekara uku cif bayan hatsarin, wata gobara a ramin makamin R-9 a Baikonur ta sake kashe ma'aikata. Tun daga nan ba a harba roka a sansanin a wannan rana. Ma'aikata kan je kaburburan ne su ajiye furanni.