Barmani Choge: Muryar Tsufanta Ta Fi Ta Ƙuruciya Daɗi

Yawancin masu ɗora muryar Barmani Choge a kan bidiyonsu na TikTok ba su taɓa zama sun saurari waƙarta guda daga farko har ƙarshe ba. Daƙiƙa ashirin ake yankowa, daidai inda ta caccaki kishiya ko ta yi wa wata raguwa tsiya, a ɗan taka rawa a kai, a wuce. Ba laifi ba ne, ko ba komai sunan yana yawo. Amma matar nan fa ta yi kusan shekara arba'in a gaban ƙwarya. Ni a wajena, abin da ta rera a ƙarshen waɗannan shekaru, lokacin da murya ta yi kauri, ƙafa ta yi nauyi, kasuwa kuma ta koma hannun masu fiyano, shi ya fi komai daɗi cikin abin da ta bari. Na san akwai waɗanda za su ce a'a. Ku ba ni dama in kawo dalilina, amma sai mun fara biyawa ta Funtuwa.

Sunanta na yanka Sa'adatu, Hajiya Sa'adatu Ahmad. An haife ta cikin shekarun 1940 a Gwaigwayi, wani ƙauye kusa da Funtuwa, wadda yanzu ke cikin jihar Katsina. Mahaifinta malami ne, ke nan ba gadon kiɗa ta yi ba. Funtuwa kuwa garin auduga ne da jirgin ƙasa, mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina, cike da fatake da direbobi da baƙi. In kakar auduga ta zo kuɗi sun shiga hannu, sai bukukuwa, inda ake biki kuma makaɗi ba ya kwana da yunwa. A garin ne Mamman Shata ya yi zamansa. Yarinyar da ta tashi a irin wannan wuri da kunne mai kyau, ba sai an kai ta makarantar waƙa ba.

An yi mata aure tana wajen shekara 15, aka kuma yi dace mijin makaɗin garaya ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mata nawa ne Allah ya ba su murya a wancan zamani, muryar ta ƙare a bakin turmi da dutsen niƙa saboda maigida ya ce ba a gidansa ba? Nata mijin bai hana ta ba. A gidan ta haifi 'ya'ya goma sha biyu, kuma a farkon shekarun 1970 ta riƙi kiɗan amada sosai a matsayin sana'a. Ku lissafa da kanku: goyo a baya, wani cikin a gaba, ga tukunya a murhu, ga kuma gayyatar biki a wani gari.

Ga ƙannena da suka tashi a zamanin DJ, amada kiɗan mata ne zalla, na cikin gida. Kayan aikin duk daga madafa suke. A kife ƙore manya da ƙanana, wata a ƙasa, wata a cikin babban mazubi mai ruwa, a riƙa bugun su da 'yan sanduna. Wadda ke kan ruwa ita ke ba da wannan amo mai zurfi da ake ji a ƙirji, sauran su yi ta sara a kai. Zabiya ta ja baiti, 'yan amshi su karɓa, matan gida su shigo fili da guɗa da liƙi. Namiji ba ya leƙowa, in ba yaro ba ne da bai san komai ba. A nan Kano muna da tamu gwanar, Hajiya Uwaliya Mai Amada, wadda ta rasu a 1983, kuma tsofaffin cikin birni har gobe in ana maganar amada ita suke fara ambata. Barmani ta tarar da hanyar a share. Abin da ta ƙara shi ne baki. Ta ɗauko maganganun da mata ke yi ƙasa-ƙasa a tsakar gida in maza sun fita, ta ɗora su a kan kiɗa, ta faɗe su da ƙarfi yadda har na zaure zai ji.

Manyan makaɗa maza na lokacin sarakuna suke wa waƙa, da attajirai, da manoma, da 'yan dambe. Ita ma ta wasa hajiyoyin da suka yi mata alheri, ai da liƙi ake riƙe ƙungiya. Sai dai waƙoƙin da suka ɗaukaka ta na rayuwar mace ne tsurarta: kishi, haihuwa, talauci, ado, zaman aure. A Gwarne Ikon Allah ta tsaya wa matan da ake yi wa gori saboda haihuwa kusa da kusa, kuma wadda ta haifi goma sha biyu ai ba labari aka ba ta ba. A Sakarai Ba Ta Da Wayo ta sa macen da ba ta da sana'a a gaba, mai zaman jiran a ba ta, ta yi mata wankin babban bargo. Akwai kuma Waƙar Duwaiwai, wadda har yau in ta shigo a mota ana tafiya da surukai, sai ka ga hannu ya kai ga rediyo da sauri. An zarge ta da batsa a kan irin wannan, zargin kuma bai taɓa barinta ba. Amma a tuna wa take wa waƙar, a kuma ina. Mata ne a tsakaninsu, ƙofa a rufe. Kaset ne ya fito da zancen waje.

Ni 'yar Ƙofar Mazugal ce, a babban gida na tashi, irin mai sassa da yawa da rijiya ɗaya. Goggona tana da rikoda mai cin batir shida, da kaset-kaset na Barmani da take aika yara su sayo mata a kasuwar Ƙofar Wambai, tunda ba nisa. Alala take yi ta sayarwa, da kuɗin alalar nan ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki. In tana ƙulla alala da safe Sakarai ce ke tashi. Kuma duk gidan an san ma'anar ƙarar rikodar. In ta yi ƙasa, Goggo nishaɗi take. In aka ji an murɗa ta har tana ƙara, to abokiyar zamanta ce ta fito shanya. Ba wadda za ta ce an zage ta, ai waƙa ce. Ita ma waccan ba ta bar bashi ba, ta yi adashi ta sayi tata rikodar, ta kuma fara saƙar hula. Haka gidanmu ya samu masu sana'a biyu ta dalilin habaici. Na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne a birnin nan.

Sai zamani ya juya. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin Hausa na bidiyo ya kafu. A 1991 mijin Barmani ya rasu, mutumin da ya tsaya mata tun tana yarinya. A 1999 Shata ya rasu, a shekarar kuma fim ɗin Sangaya ya fito, kiɗan fiyano ya mamaye ko'ina. Daga 2000 jihohin Arewa da dama, har da Kano da Katsina, suka ƙaddamar da shari'a, wasannin kiɗa a fili suka ja baya, a 2001 kuma aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Shagunan da Goggo ke aikawa a sayo mata kaset suka cika da waƙoƙin fim. 'Yan mata suka koma kwaikwayon Fati Nijar da Maryam Sangandale, ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba, har yau ina son su. Biki ya tashi daga tsakar gida ya koma ɗakin taro. Mutum ɗaya da kwamfuta da lasifika biyu ya maye gurbin mata shida da ƙorensu, ga shi kuɗinsa bai kai nasu ba.

Makaɗan gargajiya da yawa a nan suka ajiye kayan aiki, wasu kuma suka bi fiyanon suka ɓace a cikinsa. Barmani ta ci gaba da jan ƙorenta gari-gari, tana bazawara mai ɗawainiyar 'ya'ya da jikoki. Abin da aka ɗauka nata a wannan tsakani, na sauti da na bidiyo, shi nake roƙon ku nema.

Muryarta ta ƙuruciya siririya ce mai kaifi, tana gudu, kamar mai tsoron kada a ƙwace mata fili. Tana da daɗi, ban musa ba, ita ce ta rawa. Amma ta tsufa ta sauka ƙasa, ta yi kauri, ta ɗan dusashe, har ta zo ta yi daidai da amon ƙwaryar ruwa, kamar dama can don juna aka yi su. Numfashi ya ragu, sai ta daina ɓarnar kalma. Za ta jefa baiti gajere, ta ja baya ta bar 'yan amshi su yi ta juyi, tana kallon fili, sai an saki jiki ta sako wata maganar da za ta sa wuri ya kaure da shewa. Wannan jiran, wallahi, ba a koyon sa a shekara biyar. A wasu wuraren ma ba rerawa take ba, magana take yi a kan kiɗa, irin ta tsohuwar da ta kira jikarta ɗaki daren da za a kai ta gidan miji.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda waƙoƙin suka sauya ma'ana alhali kalmomin suna nan. Mace mai ƙuruciya in tana zagin kishiya, kishi ne, ana jin zafinsa. Tsohuwar da ta binne miji in ta rera waƙar, dariya ce ke fitowa a ƙarƙashi, ta wadda ta ga farkon abin ta ga ƙarshensa. Haka Sakarai. A bakin Barmani ta da, gori ne. A bakin Barmani ta ƙarshe gargaɗi ne, daga matar da ta san da ba ta da sana'a a hannu a 1991, da ita da 'ya'yanta sai abin da dangi suka ga dama. Na saurari ta tsufan nan a shekarar da aurena ya mutu, ina zaune a ɗakin Goggo da yara biyu, sai na ji kamar ban taɓa jin waƙar ba. Washegari na karɓi aron keken ɗinki.

Turawa sun iya tattalin irin wannan. Tina Turner ta Amurka tana da shekara 44 ta fitar da kundin Private Dancer a 1984, lokacin da ake ganin tata ta ƙare, kundin kuma ya zarce duk abin da ta yi a baya. Masoyanta suna iya faɗa maka ranar da aka ɗauki kowace waƙa da wanda ya kaɗa kowace jita. Mu kuwa namu ya faɗa hannun masu kwafa. Kwafin kwafi, daga kaset zuwa faifan CD zuwa katin waya, ba shekara a jiki, ba sunan mata masu kiɗa da amshi, an cakuɗa na da da na baya wuri guda, wani lokaci ma a yanke waƙa a tsakiya don ta shiga. Wani mai tura waƙoƙi ya taɓa cika mini kati da sunan Barmani, na zo gida na tarar kusan rabi wata zabiya ce daban. Waɗannan matan da suka yi shekaru suna bugun ƙwarya a bayanta, su ne rabin daɗin waƙar, sun cancanci a san su.

Cikin masana akwai waɗanda suka ba ta haƙƙinta tun tana raye. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi nazari a kan Sakarai Ba Ta Da Wayo a 2008, ya ɗauke ta a matsayin aikin adabi da ke magana kan tattalin arzikin mace a cikin gida, bayan rasuwarta kuma ya rubuta tarihinta. Ɗalibai da dama sun yi kundin digiri a kanta. Goggo da ta ji wannan dariya ta yi, wai ashe abin da take ƙulla alala da shi a jami'a ake karanta shi.

In za ku nema, ku duba bidiyon da take da jiki da manyan shekaru, mata na zaune a bayanta da ƙore. Kada ku saurara da lasifikar waya, tana cinye amon ƙwaryar ruwa gaba ɗaya, sai sarar sanduna kawai za ku ji. Ku sa abin kunne mai kyau ko babbar lasifika, ku kuma bar waƙar ta kai ƙarshe, don sau da yawa sai can wajen ƙarshe take sakin maganar da ta fi nauyi.

Ta ci gaba da amsa gayyata har jiki ya ƙi. Bayan ta yi jinya, ta rasu a Funtuwa ranar Asabar, 2 ga Maris, 2013, ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa. Allah ya jiƙan Hajiya Sa'adatu, ya yafe mata kurakuranta.