Wilt Chamberlain, Ƙaton Da Ya Sa Aka Sake Doka

Duk sa'ad da masu sha'awar ƙwallon kwando suka zauna gardamar wane ne ya fi ƙarfi cikin 'yan tsakiya, watau dogayen nan masu tsayawa a gindin kwando, ba a tashi sai an ambaci Wilt Chamberlain.

An haife shi a birnin Filadelfiya ta Amurka ran 21 ga Agusta, 1936. Tsawonsa ƙafa 7 da inci 1. Galibin dogaye irinsa nauyin jiki gare su, amma shi tun yana Jami'ar Kansas gwani ne wajen gudu da tsalle. Ya yi shekara guda tare da Harlem Globetrotters, sa'an nan cikin 1959 ya shiga ƙungiyar Warriors ta garinsu.

A kakar wasa ta 1961 zuwa 1962, in an raba makinsa daidai, kowane wasa ya tashi da 50. Ran 2 ga Maris, 1962, a garin Hershey, ya zuba wa Knicks ta New York maki 100 shi kaɗai, har wa yau kuwa ba wanda ya kamo shi. Da abin ya ishi shugabannin wasa, cikin 1964 sai suka faɗaɗa filin gindin kwando, inda ba a yarda mai kai hari ya daɗe ba, daga ƙafa 12 zuwa 16, don a nisanta shi.

Masu kushe shi sukan ce ai Bill Russell na Boston ya ɗauki kofi 11, shi kuwa 2 kacal, a 1967 da 1972. Gaskiya ne, amma kofi aikin taro ne. A gaban Russell ɗin nan ne, cikin 1960, ya cafke ƙwallon da ta kuskure kwando har sau 55 a wasa guda. Waɗansu kuma sukan kawo Shaquille O'Neal don nauyi, ko Hakeem Olajuwon haifaffen Ikko don saurin ƙafa. Mu dai a ganinmu kowannensu ya fi shi abu guda ne, kuma dukansu cikin filin da aka faɗaɗa dominsa suka yi wasa.

Duk da ƙarfin nan, cikin wasa 1,045 ba a taɓa fitar da shi don yawan laifi ba. Ya bar wasa a 1973, ya rasu a gidansa a Los Angeles ran 12 ga Oktoba, 1999, da ciwon zuciya, yana da shekara 63.