Malam Abdulƙadir Ɗan Tafa (1804 zuwa 1864)

An haifi Malam Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, a shekarar 1804, wato shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Mahaifiyarsa Nana Khadija 'yar Shehu ce, mahaifinsa Malam Tafa kuwa magatakardan Shehu ne. Ya yi karatu a gaban iyayensa da kawunsa Muhammadu Sambo, ya kuma zauna a Salame, cikin Jihar Sakkwato ta yanzu, yana karantarwa.

Mu jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum muna da dalilin saninsa, domin littafinsa na tarihi, Raulatul Afkar, ya kawo labarin yaƙe-yaƙen Zamfara da Gobir, har da yadda Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, tun kafin sarautar Zamfara ta zauna a Anka.

Sai dai abin da ya fifita shi a kan tsararrakinsa shi ne zurfinsa a fannonin hankali, wato manɗiƙi da ilmin kalam da falsafa, waɗanda malamai da yawa suke ɗari-ɗari da su. Ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya da Kulliyatul Alamis Sitta, inda ya yi nazarin asalin halitta. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo ƙasar Sakkwato a 1853, ya shaida cewa babu kamarsa a ilmi cikin mutanen Sakkwato na wannan zamani.

Duk da haka, a littafinsa Uhud wa Mawasiƙ, Malam ya ɗaukar wa kansa alkawarin gina aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani, ba a kan hujjojin malaman kalam ba. Bai yar da hankali ba, ya dai ajiye shi a bayan wahayi. A ganinmu, nan ya gaji kakansa. Shehu, wanda ya shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya yi ta raddi ga ɗaliban kalam masu kafirta manomi da makiyayi don kawai sun kasa jero hujjojin tauhidi, ya nuna imaninsu ingantacce ne.

Allah ya yi wa Ɗan Tafa rasuwa a shekarar 1864. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.