Tanimun, Sarkin Damagaram

Kakan sarakunan Damagaram wani malami ne da ya taso daga Barno. Malam ake ce masa. Zuriyarsa sun yi ta sarauta a ƙananan garuruwa, har Sarki Sulaiman ya kawo gidan sarauta Zinder.

Tanimun ɗan Sulaiman ne. Ya hau gadon sarauta a 1841, amma bayan shekara 2 ɗan'uwansa Ibrahim ya karɓe. Sai a 1851 ya komo, ya yi mulki shekara 33.

Zamanin nan na yaƙi ne. Tanimun ya sa aka kewaye Birni da garu mai kauri, maƙeransa kuma suka ƙera igwa. Fatake suka saki jiki. Ayarin raƙuma yakan taho daga Tarabulus, ya sauka a Zango. Suna sayen fata da gashin jimina, har da bayi, don a lokacin ana cinikin mutane.

Tanimun ya rasu a 1884. Ɗansa Amadu Kuran Daga shi ne sarkin da Faransawa suka yaƙa a 1899. Har yau zuriyar Malam ke sarautar Damagaram.

Kai fa, daga ina kakanninka suka taso? Tambayi tsofaffin gidanku.