Pierre Bézier, Mutumin da Ya Lanƙwasa Layi da Lissafi

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu sun taɓa yin zane da kwamfuta, ko sun ga yadda a ke shirya majigin zane mai motsi irin wanda yara ke so. In mutum ya ɗiga ɗigo biyu, ya ja wani ɗan mariƙi, sai layi ya lanƙwashe kamar baka. To, ina so in ba ku labarin mutumin da wannan layi ya ci sunansa, domin akwai abin koyo gare mu masu shirin zama malamai.

An haifi Pierre Bézier a birnin Faris, ƙasar Faransa, ran 1 ga watan Satumba, 1910. Ya koyi aikin injiniya, ya gama cikin 1930, sa'an nan ya ƙara da ilmin lantarki cikin 1931. Cikin 1933 ya kama aiki a kamfanin motoci na Renault. Da farko ƙaramin ma'aikaci ne mai daidaita kayan aikin injuna. Bai bar wurin ba sai 1975, watau shekara 42 ke nan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ya shirya injunan da a ka ƙera 'yar motar nan 4CV da su.

A zamanin nan ƙera jikin mota wahala ce babba. Mai zane ya zana a takarda, wani ya gina siffar da yumɓu, wani ya sassaƙa ta da itace, kāna a zo ga ƙarfe. Kowane hannu da siffar ta bi sai ta ɗan sāke, har ƙofa ta ƙi zama daidai da jiki, a koma baya, watanni su wuce. Tun wajen 1960 Bézier ya duƙufa neman hanyar da za a rubuta lanƙwasa da lambobi, yadda inji zai yanka ta ba ƙari ba ragi.

Ga yadda dabarar ta ke. Ɗigo huɗu sun isa. Na farko da na ƙarshe su ne bakin layin. Biyun tsakiya kuwa layin ba ya bi ta kansu, sai dai su jawo shi wajensu, kamar yadda tsirkiya ke jan baka. In ka matsa ɗaya, duk lanƙwasar ta bi shi. Mai zane ba ya bukatar sanin zurfin lissafin, idonsa da hannunsa sun wadatar. A kan wannan ya gina tsarinsa mai suna UNISURF, wanda a ka fara aiki da shi a Renault cikin 1968.

Amma fa ba shi kaɗai ya gano hanyar ba. Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya riga shi tun 1959, sai kamfaninsa ya ɓoye aikin don kada abokan gasa su sani. Bézier ya bayyana nasa, ya rubuta, ya kuma koyar, don haka sunansa ya bi layin.

Daga masana'antar mota dabarar ta shiga manhajojin zane, kamar Illustrator da ya fito cikin 1987. Da ya ke kwamfuta lambobin ɗigo ta ke ajiyewa, kana iya faɗaɗa zanen kunkuru ya cika allo bai dusashe ba. In kana so ya miƙa wuya, sai ka nuna inda ɗigon su ke da fari da inda za su ƙare, ita ta lissafa na tsakani.

Bayan ya bar aiki ya sami digirin dakta a lissafi cikin 1977, ya haura shekara 65. Gemu dai ba ya hana ilmi. Ya rasu ran 25 ga watan Nuwamba, 1999.

Ni abin da na ɗauka cikin labarinsa shi ne, ya mai da abu mai wuya ya zama mai sauƙi a hannun wanda bai san lissafi ba, bai kuwa ɓoye saninsa ba. Aikinmu ke nan a aji. Ran da yaro ya tambaye ka amfanin lissafi, ka ba shi tsinke da zare, ku lanƙwasa layi tare, sa'an nan ka gaya masa labarin Bézier.