Tarihin Umaru Nagwamatse, Sarkin Sudan Na Farko

Duk wanda ya tashi a Ribah, ko Wasagu, ko Zuru, ya ji sunan Nagwamatse tun yana yaro. Waɗansu da yabo suka ji shi, waɗansu kuwa da tsoro. To, 'yan'uwa, ga labarin mutumin a taƙaice.

An haifi Umaru wajen 1806. Ubansa shi ne Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1837 zuwa 1842. A zamanin nan al'adar Sakkwato ce a tura 'ya'yan sarki su zauna ribaɗi, watau garin tsaron iyaka. Umaru aka ba shi Gwamatse, daga nan ya sami laƙabin da ya bi shi har kabari.

Jarumi ne, mai kyauta, mayaƙa na son sa. Amma ba shi da haƙurin zama ƙarƙashin wani. Ya riƙe Katuru, ƙarfinsa ya yi yawa har Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ga ba shi sakewa da shi, ya ɗauke shi daga can. Da Umaru ya ga Sakkwato ta yi masa ƙunci, sai ya fuskanci kudu. Ya isa Nufe ya tarar 'ya'yan Malam Dendo, Usman Zaki da Masaba, suna fama da Umaru Bahaushe wanda ya ƙwace musu mulki. Ya taimake su har suka ci nasara cikin 1857. Sa'an nan ya kafa sansaninsa wajen Wushishi, duk mai doki da ke neman ganima ya nufo shi.

Cikin 1859 sa'a ta zo masa. Wansa Ahmadu ɗan Atiku ya zama Sarkin Musulmi, ya naɗa shi Sarkin Sudan, watau sarkin ƙasar baƙaƙe. Da ma ƙasar da ke tsakanin Nufe da Zazzau da Yawuri ba wani babban sarki guda da ya haɗa ta. Umaru ya faɗa wa Gwari da Kamuku da Kambari, yana cin gari bayan gari. Cikin 1864 ya kafa Kwantagora. Mutane na cewa sunan ya fito ne daga umurnin da ya yi wa jama'arsa su kwantar da gorunansu, don an iso wurin zama. Ya rasu cikin 1876.

Ɗansa Modibbo ya gaje shi shekara huɗu, sa'an nan Ibrahim ya hau cikin 1880. A zamanin Ibrahim hari ya tsananta, har ya kai ƙasar Dukawa da Dakarkari. Mutane da yawa suka bar gonakinsu na fili suka koma kan duwatsu, inda doki ba ya hawa. Turawa suka ci Kwantagora cikin 1901, suka kama Ibrahim cikin 1902, suka mai da shi gadonsa cikin 1903, ya zauna har rasuwarsa cikin 1929. Da aka yanka larduna, Zuru da Yawuri suka shiga Lardin Kwantagora. Yau kuwa Kwantagora tana Jihar Neja, Zuru da Ribah suna Jihar Kebbi tun 1991.

To, yaya za mu auna Umaru? Ya bar gida ba shi da ƙasa, ya mutu ya bar wa zuriyarsa sarautar da har yanzu tana hannunsu. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma dukiyar da aka gina garin da ita, mafi yawanta bayi ne, bayin nan kuwa 'ya'yan mutane ne. Garuruwa nawa suka zama kufai domin gari guda ya cika?

Mu da za mu fita mu koyar, ajinmu zai haɗa jikan wanda ya kai hari da jikan wanda aka kai wa. In muka faɗi jaruntakar kaɗai, mun zalunci ɗaya. In muka faɗi ɓarnar kaɗai, mun zalunci ɗayan. Wajibi ne mu faɗi duka biyu, mu bar yara su gane cewa mulkin da ya cika gari ba tare da ya watsa wani ba shi ne ya fi cancantar yabo. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.