Abubakar Tafawa Balewa: Malamin makarantar da ya so kusanto da Arewa ga teku

Idan aka ambaci Sa Abubakar Tafawa Balewa, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne zaƙin muryarsa, da hotonsa a jikin takardar naira biyar, da kuma daren 15 ga Janairun 1966. Kaɗan ne ke tuna cewa kafin ya zama Firaminista ya shafe shekara biyar yana fama da fayil-fayil na hanyoyi da gadoji da layin dogo da tashoshin jiragen ruwa. A cikin waɗannan shekaru ne ra'ayinsa game da tattalin arzikin Najeriya ya kafu, kuma tambaya guda ce ginshiƙinsa: ta yaya gyaɗar Kano da audugar Gombe da fatun Barno za su isa bakin teku ba tare da kuɗin dako ya cinye ribar mai kaya ba?

An haife shi a ƙasar Bauchi a watan Disamban 1912, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Kano da Legas. Ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, bara ne a gidan hakimin Lere, saboda haka karatu ne kaɗai tsaninsa. Daga makarantar lardi ta Bauchi ya wuce Kwalejin Katsina a 1928, inda ya tarar da Ahmadu Bello, ya kammala a 1933, ya komo gida ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi. A wannan tsakani ne ya rubuta Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Labarin yana bin ayarin bayi da fatake ta cikin Sahara, wato tsohuwar hanyar da Arewa ke bi ta sadu da kasuwannin duniya kafin layin dogo ya juyar da fuskarta zuwa kudu.

Bauchi ta shekarun 1940 ba ta rasa masu kaifin baki ba. A dandalin muhawarar da 'yan boko suka kafa a garin, Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun sha tsige En'e gaba da gaba, shi kuwa Malam Abubakar ya fi son bin abu a sannu. Ya tafi Jami'ar Landan a 1945 ya yi shekara guda yana nazarin aikin koyarwa, da ya dawo aka tura shi Majalisar Dokokin Arewa, daga nan kuma Majalisar Legas a 1947. Sanyin halinsa bai hana shi gabatar da ƙudurin da ya girgiza Kaduna a watan Agustan 1950 ba, lokacin da ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e a yi masa garambawul, ya fito fili ya yi zancen cin hanci da nisan da ke tsakanin masu mulki da talakawa.

A 1952 aka naɗa shi Ministan Ayyuka a gwamnatin tsakiya. Minista a wancan tsari, na Gwamna Macpherson, suna ne ya fi yawa: yana zama a majalisar ministoci, yana kare ma'aikatarsa a gaban 'yan majalisa, amma Turawan da ke shugabancin sassa ne ke riƙe da ragamar aiki. Sai bayan tsarin mulkin 1954 ministoci suka sami iko kai tsaye a kan ma'aikatunsu, kuma a lokacin ne Balewa ya zama Ministan Sufuri. Wannan tsari ya miƙa wa jihohi uku hukumomin sayen amfanin gona da tarin kuɗin da suka ajiye, baitulmalin tarayya kuwa yana hannun Sakataren Kuɗi Bature har zuwa 1957. Abin da ya rage wa ɗan ƙasa a tsakiya wanda zai iya juya akalar arziki da shi, shi ne jirgin ƙasa da tashar ruwa da koguna, kuma duk suna kan teburin mutumin Bauchi. A zamaninsa ne Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara aiki a 1955, aka kuma cire jirgin ƙasa daga jerin sassan gwamnati aka mayar da shi hukuma mai cin gashin kanta a wannan shekara.

Matsalar da ya tarar ba ɓoyayya ba ce. Dalar gyaɗar Kano da ake alfahari da hotunanta a yau, wani ɓangare nata shaida ce ta gazawa, domin buhuna ne da jirgin ƙasa ya kasa kwashewa a kan kari, suna zaune wata da watanni ƙwari na cinsu. Layi ɗaya tilo ne ke ɗaukar kaya tafiyar kusan mil 700 zuwa Legas. Gabashin Arewa kuwa, daga Bauchi har Maiduguri, babu dogo ko kaɗan.

Hankalinsa ya fi karkata ga ruwa, kuma a nan ne 'yan Holan suka shigo tarihinsa. Ƙasarsu tana bakin kogin Rhine, kaso mai yawa na filinta yana ƙasa da teku, kuma ambaliyar 1953 da ta kashe musu mutum sama da 1,800 ta sa sun duƙufa kan gina madatsun da suka shahara da su. Injiniyoyinsu sun haɗu a ƙarƙashin kamfanin ba da shawara na NEDECO, wanda gwamnatin Najeriya ta ɗauka ya auna mashigun Neja ta yamma, ya ba da rahoto a 1954. Daga baya suka shafe shekaru suna auna zurfin Neja da Binuwai, da gudun ruwa, da yadda yashi ke ƙaura daga gaɓa zuwa gaɓa, har suka fitar da babban rahotonsu a 1959. Abin da ake nema shi ne a tsawaita watannin da jirgin dako zai iya bi, musamman a Binuwai inda jirage ke isa Yola da Garwa na ɗan lokaci kawai a tsakiyar damina. Daga binciken farko ne aka sami aikin gina katangar duwatsu a mashigin Escravos, don yashi ya daina toshe wa manyan jirage hanyar Warri da Burutu.

Wani abin lura shi ne, a shekarar da Balewa ya zama minista, a ita ce Holan ta naɗa Jelle Zijlstra Ministan Harkokin Tattalin Arziki. Shi farfesa ne a fannin, kuma ya tarar da ofishin tsare-tsare na ƙasa da Jan Tinbergen ya jagoranta tun 1945, cike da masana 'yan ƙasa da alƙaluma. Balewa malamin makaranta ne da ya tarar da ƙasar da ko zurfin kogunanta ba a gama aunawa ba. Wannan ne ya sa ya dogara ƙwarai da rahoton ƙwararru daga waje, ɗabi'ar da ta zame masa ƙarfi ta kuma zame masa rauni.

A 1955 ya tafi Amurka don ya ga yadda ake dakon kaya a kogin Misisipi. Ya je kallon jirage, ya dawo da abin da ya fi haka. Mutumin da a 1947 ya tsaya a majalisa yana shakkar ko Najeriya ƙasa ɗaya ce in ba a takarda ba, shi ne ya ga yadda mutane masu asali daban-daban suka zama al'umma guda, ya sauya ra'ayi. Ba abin mamaki ba ne a ce Ministan Sufuri ne ya riga sauran manyan Arewa isa wannan matsayi, domin duk wanda ya zauna da taswirar dogo da koguna ya san Arewa ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya.

Da ya zama Firaminista a 1957, aikin da ya fi kusa da zuciyarsa ya tashi. A 1958 Bankin Duniya ya ba Najeriya bashinta na farko, dalar Amurka miliyan 28, don gyaran jirgin ƙasa da shimfiɗa sabon layi daga Kuru kusa da Jos zuwa Maiduguri, tsawon kusan mil 400. Jirgi ya iso Bauchi a 1961, ya isa Maiduguri a 1964. Tun a lokacin akwai masanan da suka yi ganin hanyar mota mai ƙarfi za ta fi araha, kuma yadda manyan motoci suka ƙwace dakon kaya daga baya ya nuna maganarsu ba ta banza ba ce. Sai dai wanda ya san cewa kafin nan amfanin gonar Bauchi da Gombe da Barno sai an yi dakonsa a mota zuwa Jos ko Nguru ko Kano kafin ya ga jirgi, zai fahimci dalilin da ya sa 'yan siyasar Arewa suka dage.

Sauran ginshiƙan sun biyo baya da sauri. Babban Bankin Najeriya ya buɗe ƙofa a ranar 1 ga Yulin 1959. Man fetur da kamfanin Shell-BP ya tono a Oloibiri a 1956 ya fara fita waje a 1958. A 1962 aka ƙaddamar da shirin raya ƙasa na farko, na shekara shida, wanda aka ƙiyasta zai ci fam miliyan 676, da burin arziki ya riƙa ƙaruwa da kashi 4 cikin 100 a shekara. Festus Okotie-Eboh ne ke riƙe da Ma'aikatar Kuɗi, Waziri Ibrahim yana Ma'aikatar Raya Tattalin Arziki, wani Ba'amurke mai suna Wolfgang Stolper kuma shi ne babban mai tsara shirin. An gina lissafin a kan cewa rabin kuɗin ayyukan gwamnati zai zo daga ƙasashen waje. Abin da ya zo bai kai haka ba, ko kusa. Masana'antar ƙarfen da aka sa a shirin kuwa ta maƙale a gardamar jihohi kan inda za a kafa ta, Idah ko Anacha, har gwamnatin ta faɗi ba a aza tubali ba.

Madatsar Kainji ce ta tsira. NEDECO da kamfanin Balfour Beatty na Ingila ne suka yi binciken, Bankin Duniya ya ba da bashin dala miliyan 82 a 1964, aka fara aiki a wannan shekara. Ban da wutar lantarki, an yi wa madatsar mashigar jiragen ruwa, alamar cewa tsohon burin Ministan Sufuri bai mutu ba. Tsohon garin Busa ya nutse, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai.

Inda hikimarsa ta gaza shi ne wajen ma'aikata. Tazarar da ke tsakanin albashin manya, wanda aka gada daga Turawa tare da alawus na mota da gida, da abin da leburan gwamnati ke karɓa, ta yi faɗi ƙwarai. Kwamitin Mai Shari'a Adeyinka Morgan ya ba da shawarar fam 12 a wata a matsayin mafi ƙarancin albashi a Legas, gwamnati ta yi ta jan ƙafa wajen fitar da rahoton. A ranar 1 ga Yunin 1964 ƙungiyoyin ƙwadago, da Michael Imoudu a sahun gaba, suka tsunduma yajin aikin gama-gari. Firaminista ya yi barazanar kora, ma'aikata suka yi kunnen uwar shegu, jiragen ƙasa da tashoshin ruwan da shi da kansa ya raina suka tsaya cik kusan mako biyu. A ƙarshe aka daidaita a kan fam 10. Ya ɗauki batun albashi a matsayin lissafin baitulmali da ladabin ma'aikaci, alhali masu yajin suna kallon motocin ministoci ne, duk da cewa shi kansa ba a san shi da tara dukiya ba.

Rikicin ƙidayar jama'a, da zaɓen Disamban 1964, da wutar da ta kama a Jihar Yamma bayan zaɓen Oktoban 1965, sun cinye ragowar lokacinsa. A farkon 1966 gadar Anacha, wadda ita ma 'yan Holan ne suka yi bincikenta, ta fara ɗaukar motoci, shi kuma ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya. Kwana uku bayan tashi daga taron sojoji suka ɗauke shi daga gidansa, suka ɗauke Okotie-Eboh, babu wanda ya dawo da rai. An tsinci gawarsa bayan kwanaki a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kawo shi Bauchi aka yi masa sutura, yana da shekara 53.

An kammala Kainji a 1968, da injina huɗu daga cikin goma sha biyun da aka tanadar wa gurbi. Dakon kaya a Neja da Binuwai ya yi ta raguwa bayan yaƙin basasa, duk da yashe kogin da aka sake yi daga 2009 da buɗe tashar Baro a 2019. Layin dogon da ya ratsa Bauchi ya daɗe da daina ɗaukar gyaɗa da auduga, kuma a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina shi, daga Fatakwal zuwa Maiduguri.